FASHIN BAƘI: Sirka rinin katako, daga gwaninta zuwa algus

A rumfunan kafintoci na Yelwa da Wara da Shanga, aikin ƙarshe da ake yi wa gado ko ƙofa ko bencin makaranta shi ne wanda idon mai saye ya fi sauka a kai, shi ne kuma wanda ya fi ƙarancin sani a kansa. Za a shafa wa katakon rini, wanda masu sana'ar suka fi kira kala, sannan a bi shi da banish, wato ruwan ƙyallin da ke rufe shi. Kafin a shafa ko wanne daga cikinsu akan sirka shi da wani ruwa. Wannan sirkin halastaccen aiki ne da kowane gwani ke yi idan yana son launi mai haske, wanda zai bar zanen itacen ya fito. Ta wannan ƙofar kuma ake shigar da ha'inci, a miƙe galan ɗaya ya yi aikin uku, ko a zuba fetur inda ya kamata a zuba tina.

Abin da ke cikin gwangwanin

Rinin katako haɗin abu uku ne. Akwai launin kansa, akwai ruwan da ke ɗauke da shi zuwa cikin itacen sannan ya tashi ya bi iska, akwai kuma ɗan danƙon da ke riƙe launin bayan ruwan ya tafi. Launin iri biyu ne. Wani gari ne mai laushi da ba ya narkewa, yana zama ne a ƙananan ramukan fuskar katako, shi ya sa yake kwanciya a ƙasan gwangwani sai an motsa. Wani kuwa narkakke ne kamar shuni a karofi, yana ratsa jijiyar itacen kanta. Yawancin abin da ake sayarwa a kasuwa ya haɗa duka biyun.

Idan aka ƙara ruwan sirki, yawan launin da ke cikin kowane cokali ya ragu, don haka abin da zai zauna a jikin katakon ya ragu. Lissafin a fili yake: gwangwanin tumatir ɗaya na rini da ɗaya na ruwan sirki ya mayar da ƙarfin launin rabi, ɗaya da uku ya mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu. Sai dai ido ba ya bin wannan lissafin daidai, domin katako na shan ruwa mai tsinkewa fiye da mai kauri. Kuma danƙon ma ya ragu tare da launin. Rinin da aka sirka sosai yakan goge a hannu ko a tufa idan ba a rufe shi da banish ba.

Abu ɗaya da sirki ba ya iya yi shi ne ya haskaka itacen da asalinsa mai duhu ne. Rini ƙari yake yi, ba ya ragewa. Madaci ja ne, kuma yana ƙara duhu da shekaru idan haske na dukansa. Madobiya da kawo ma haka suke da launinsu. Duk yadda aka tsinka rini ba zai mayar da su farare ba, sai dai a wanke su da sinadarin cire launi, wanda aiki ne daban mai nasa haɗarin. Launi mai haske yana fitowa ne a farin katako irin malaina, ko a filawud mai farar fuska.

Kowane rini da abin sirkinsa

Ƙa'idar ita ce a sirka abu da danginsa. Rinin mai ana sirka shi da tafentin ko farin sifirit. Rinin ruwa ana sirka shi da ruwa mai tsabta, shi ma kaɗan-kaɗan, domin yawancin masu haɗa shi ba sa son ƙarin ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Wanda aka haɗa da sifirit, sifirit yake so. Banish ɗin feshi mai saurin bushewa, wanda ake yi da selulos, ba ya karɓar komai sai tinarsa. In aka saɓa, aka zuba kananzir a na selulos ko ruwa a na mai, haɗin zai yi gudaji-gudaji, launi ya ware gefe, kuma ba a gyara shi. Jikin gwangwani yakan faɗi abin da za a wanke buroshi da shi, kuma galibi wannan ruwan shi ne abin sirkin. Matsalar ita ce da yawa daga cikin abin da ke isa hannun ƙaramin kafinta an juye shi ne a gorar ruwa ko kwalbar lemo, babu suna babu bayani.

Hanyar da ta fi kowace kyau ita ce a sirka rini da ɗan'uwansa marar launi na kamfani ɗaya, domin launin zai ragu amma danƙon na nan. Ta fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye shi ba.

Gwaji shi ne zuciyar aikin. A ɗauki guntun da ya rage daga katakon da aka yi kayan da shi, a goge shi da sanfefa irin wadda aka goge kayan, a raba shi gida-gida, a shafa haɗi daban-daban, a rubuta awon kowanne da fensir a bayansa. A bari ya bushe, a shafa banish a kai, domin banish na ƙara wa launi zurfi, kuma abin da ya yi kama da fari a bushe zai iya komawa ruwan zuma. Bayan an zaɓa, a haɗa wanda zai ishi aikin gaba ɗaya a lokaci guda. Kafintan da ke haɗawa da ido, kaɗan yau kaɗan gobe, shi ne wanda ƙofofin sif ɗinsa ke fitowa kowace da launinta.

Ba sirki kaɗai ke haskaka launi ba. Katakon da aka goge da sanfefa mai lamba 220 ba ya shan rini kamar wanda aka tsaya a 120, saboda ramukansa sun tsuke. Goge rinin da tsumma bayan minti ɗaya maimakon biyar shi ma yana rage duhu. Haka nan shafa sila mai ruwa-ruwa kafin rini tana toshe wani ɓangare na ramukan, tana hana dabbare-dabbare, musamman a bakin katako inda aka yanka, wanda ke zuƙar ruwa kamar soso ya fito baƙi ƙirin. Idan kuwa an riga an shafa ya yi duhu, to a goge da tsumman da aka jiƙa da ruwan sirki tun bai bushe ba. In ya bushe sai sanfefa, kuma a filawud wannan kasada ce, domin fatar samansa ba ta kai kaurin farce ba.

Yanayin bakin tafki

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968, ta tara ruwan da ya haura murabba'in kilomita 1,200, ta kuma tashi mutum fiye da 40,000 daga gidajensu, ciki har da Gungawan da ke zaune a tsibiran Kwara. Tun daga lokacin garuruwan masarautar Yauri da ke gaɓa suke rayuwa da laimar wannan ruwan, kuma katako na jin ta. Da damina iska na cike da danshi, rinin mai na daɗewa bai bushe ba, banish ɗin feshi kuma yakan yi fari-fari kamar hazo ya kwanta a kai. Dalilin shi ne tinar na tashi da sauri ta sanyaya fuskar katakon, raɓa ta sauka ta maƙale a cikin ƙyallin. Ƙara tina mai saurin tashi yana ƙara cutar ne. Maganinta a jira rana ta ɗaga, ko a nemi tina mai jinkirin bushewa.

Da hunturu kuma lamarin ya juye. Iska ta bushe, rini na ƙafewa kafin buroshi ya dawo, sai a ga layi-layi inda shafa ta hau kan shafa, ga ƙura na sauka a kan duk abin da bai bushe ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, haɗin da aka bari a buɗe yana yin kauri a cikin kwano, ƙarshen aikin ya fi farkonsa duhu. Akwai kuma katakon da bai gama bushewa ba, wanda aka yanko da damina aka yi aiki da shi nan take. Babu haɗin da zai zauna lafiya a kansa. Da hunturu ya shigo zai tsuke, ya tsage, ya bayyana farin layi a duk mahaɗa.

Fetur da kananzir

A nan ne tattalin arziki ya shigo rumfar kafinta. Yawancin sinadaran da ake haɗa tina da banish daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, komai ya tashi: litar fetur da ke ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Duk da haka fetur ne ya fi kusa da hannu, domin ɗan bumburutu na bakin hanya a kowane gari, mai sayar da tina kuwa sai an je kasuwa.

Fetur na narkar da rinin mai, shi ya sa ake ruɗuwa da shi. Amma yana tashi da gaggawa har launin ba ya samun sararin bazuwa, kuma yana ɗauke da sinadaran da aka zuba masa domin inji. Kananzir kishiyarsa ne: yana jinkiri, yana barin maiƙo, kayan su yi kwanaki suna danƙo suna kama ƙura, banish ɗin da aka ɗora a kai kuma ya ƙi kamawa. Man dizal ya fi su muni, domin kusan ba ya bushewa.

Lalacewar aiki ita ce ƙaramar asara. Tururin fetur na kamawa da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, alhali farin sifirit sai ya ɗumama zuwa kusan digiri 40 sama da sifili. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana tafiya, har ya iske murhun mai shayi ko tartsatsin janareta a nesa da inda ake shafa. Tinar selulos ma ba ta da nisa da fetur a wannan fannin. Sannan akwai benzin da ke cikin fetur, wanda hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, ta daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Ita wannan hukumar ta sanya sana'ar fenti kanta, da ƙurar katako, cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji. Wanda ya fi shaƙar wannan duka ba maigidan rumfa ba ne, yaron da ke koyon aiki ne, wanda ake ba tsumma da kwano, ya tsoma hannu ba safa, ya wanke hannun da fetur ɗin idan an tashi. Takunkumin tsumma na tare ƙura amma ba ya tare tururi. Abin da ke rage haɗarin shi ne a yi aikin a fili inda iska ke wucewa, a sa safar hannu, a nisanta wuta.

Tsummokaran da aka yi aiki da su ma abin lura ne. Wanda ya sha rini ko banish mai ɗauke da man da ke bushewa da iska yana yin zafi da kansa idan aka dunƙule shi a lungu, har ya iya kamawa da wuta cikin dare ba tare da ashana ba. Ana shanya su ne ɗai-ɗai a waje, ko a nutsa su a ruwa.

Abin da baƙin launi ke rufewa

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce me ya sa kayan katako na kasuwa suka fi yawa da launin ja mai duhu. Wani ɓangare na amsar sha'awa ce, an saba ganin madaci a matsayin katakon masu hali. Sauran amsar na daji. Itatuwan da ke da wannan launin daga asali sun yi ƙaranci. Sarar madobiya domin kai wa Sin ta yi tsanani har aka sanya ta ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES daga farkon 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. A taron yarjejeniyar na Nuwamban 2022 a Panama, madaci da kawo na Afirka su ma suka shiga jerin. Da katakon ƙwarai ya yi tsada, sai rini ya zama rigar da ake sa wa farin katako ya fito da kamar madaci.

Babu laifi a rina malaina idan an gaya wa mai saye malaina ce. Laifin na zuwa ne inda launin ya zama mayafi. Rini mai kauri na daidaita zuciyar itace da farin gefensa, wanda shi ne gara da ƙwaro mai fitar da gari suka fi so. Yana rufe tsaga da aka cike da garin katako da gam, yana rufe ƙulli, yana haɗa itace iri uku a gado ɗaya su zama kamar daga gungume ɗaya aka fitar da su. Rinin da aka sirka ba ya iya wannan rufin. Uban amaryar da ya ce a yi wa kayan ɗakin 'yarsa launi mai haske, ko ya je ya ga kayan tun ba a shafa komai ba, ya fi sanin abin da ya biya.

Mutanen bakin ruwa sun san wannan darasin da tsada mai yawa, ko da yake a jirgi fenti da kwalta ake shafawa maimakon rini. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Wara cikin ƙaramar hukumar Ngaski, mutane da dama suka rasu. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ɗora alhakin a kan lodi fiye da ƙima da kuma tsufan jirgin. Babu wanda ya ce shafe ne ya nutsar da shi, amma abin da ya shafi gado ya shafi jirgi: duk abin da aka shafa a kan katako ba ya ƙara masa ƙarfi, iyakarsa ya kare lafiyayye ko ya ɓoye ruɓaɓɓe.

Inda sirki ke zama sata

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da ake yawan haɗawa. Sirka rini na rage launi. Sirka banish kuwa ba ya rage launi sosai, kariya yake ragewa. A ce banish na ɗauke da kashi 40 cikin ɗari na abin da ke zama a jikin katako bayan ya bushe. In aka sirka shi rabi da rabi, saura kashi 20, don haka shafa biyu sun zama daidai da ɗaya. Gwani na yin haka da gangan a shafar farko domin ta ratsa, sannan ya ƙara yawan shafa. Mai algus na sirkawa ya kuma rage shafa, ya miƙa kayan suna ƙyalli ranar da aka karɓa. Bayan damina ɗaya ƙyallin ya tafi.

A kayan gida asarar ta mutum ɗaya ce. A kwangilar gwamnati ta jama'a ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin makarantun firamare da ƙaramar sakandare, jihohi na zuba nasu kason, kuma benci da tebur na cikin abubuwan da ake yawan saye da kuɗin. A kwangilar da ta ƙunshi ɗaruruwan benci, rage shafa ɗaya a kan kowanne riba ce mai kauri da ba ta bayyana a hoton ranar miƙa kaya. Kwamitin kula da makaranta ko ƙungiyar matasan gari ba sa buƙatar ɗakin gwaji kafin su gane. A ɗiga ruwa a kan benci: in ya tsaya dunƙule an rufe katakon, in ya nutse ya bar tabo cikin mintuna ba a rufe shi ba. A goga farin ƙyalle mai laima, in ya ɗauko launi to rini ne tsirara. A danna farce, a shinshina ko akwai warin kananzir, a kuma kifa bencin a duba cikinsa, inda ba a cika ɓata rini ba, nan ainihin itacen yake.

Akwai kuma batun dalma, wanda Arewa ta san zafinsa tun 2010, lokacin da gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Wasu launukan rawaya da ja na fentin mai, da wasu sinadaran da ake zuba wa banish domin ya bushe da wuri, na iya ɗauke da ita. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira a bi shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma ana auna ta ne a busasshen shafe. Wannan na nufin sirki ba ya sauya matsayin gwangwanin: ruwan da aka ƙara zai tashi, dalmar ta zauna a kan bencin da yaro ke ɗora abincinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ido ba ya ganin ta, don haka abin da za a iya nema shi ne takardar kwangila ta ambaci kayan shafa marasa dalma, masu suna da lambar hukumar SON.

Ita takardar kwangilar ba asiri ba ce a doka. A cikinta ake rubuta irin katakon, da kaurinsa, da irin shafen da adadinsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman ta a rubuce ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi ma. Hukumar da aka rubuta wa tana da kwana 7 ta ba da amsa.